Tattaki da ɗan silifas

An ce ƙarfe 6 na safe a haɗu a bakin rijiyar Kusugu, mu bi ƙauyukan Sandamu a ƙafa kafin rana ta buɗe. Ni ko shayi ban sha ba na fito. Sai ƙarfe 8 saura kwata ga gogan naka yana tafe yana hamma, da silifas, ko gorar ruwa babu. Haba malam, kasuwa za ka? Ba mu hau tudu na biyu ba ƙarangiya ta cika masa wando, ƙaya ta huda silifas ɗin. Muka zube a gindin kuka ana cire masa da allura. Ya shanye mini ruwa tas, har yana yatsine fuska wai ya yi ɗumi.