Yadda na zama Dokta Labus a Alƙahira

Jama'a ku ji abin da rawar kai ta ja min. Ina shekara ta 3 a karatun famasi a Masar aka tura mu wani asibiti a Alƙahira mu ga yadda ake aiki, sharaɗin kuma ɗaya ne, ka tsaya ka kalla, kar ka taɓa komai, kar ka ba kowa shawara. To amma su Misirawa da sun ga farar riga sai ka ji "ya doktor", ni kuma kai ya kumbura, har tafiyata ta canza.

Ga Larabcin da na taho da shi na Islamiyya ne, nasu kuwa daban. Takardar likita rushetta, ƙwaya birsham, shi kansa magani dawa suke ce masa, ranar farko da na ji ana ta kiran dawa dawa wallahi tuwo ne ya faɗo min a rai.

Rannan matar da nake ƙarƙashinta ta shiga ciki duba firjin insulin, wanda kullum sai an tabbatar yana tsakanin digiri 2 da 8, ta bar ni a taga. Sai ga wani dattijo riƙe da leda, hannu ɗaya dafe da ƙugu, ya ce ya doktor, wannan labus ɗin ya ake amfani da shi? Nan take ƙwaƙwalwata ta tafi darasin sarfu, labisa yalbasu, ai sa tufafi ke nan, ga shi yana dafe da baya, shi ke nan bel ɗin ciwon baya aka ba shi. Ko ledar ban ce ya buɗe ba.

Na gyara murya na ce ya haj, da safe ka ɗaura a kan riga, ka cire in za ka kwanta, in ya yi datti ka wanke ka shanya ka sake sawa.

Tsohon nan ya yi shiru yana kallona kamar ya ga aljani, ya ce in wanke? Na ce ƙwarai, da sabulu ma. Sai ya zazzage ledar a gabana, sai ga wasu 'yan abubuwa kamar harsashi, maganin ciwo ne mai suna diclofenac, irin wanda ake matsawa ta ƙasa. Ashe shi ne labus.

Daidai nan madam ta fito, tsoho ya kwashe komai ya faɗa mata har da maganar shanya. Ta yi masa bayani ta ba shi haƙuri, yana juya baya ta zauna a kan kwalin ruwan drip tana dariya har da hawaye.

Sati 3 da suka rage min ƙirga kwalaye na yi a sito, kuma har mai kawo shayi Dokta Labus yake kirana.