Hades Ba Shaiɗan Ba Ne, Gidansa Kuma Ba Jahannama Ba

Mutane da yawa, musamman masu kallon fina-finan Amurka, sun ɗauka Hades shi ne Iblis na tsoffin Girkawa, gidansa kuma wuta ce ta azabtar da miyagu. Ba haka abin yake ba.

A tatsuniyoyinsu Hades ɗaya ne daga cikin allolinsu, ɗan'uwan Zeus da Poseidon. Ƙuri'a suka jefa: Zeus ya samu sama, Poseidon teku, shi kuma ƙarƙashin ƙasa ta faɗo masa. Aikinsa tsare matattu, ba ruɗin masu rai ba. Kusan kowa can yake zuwa, na kirki da na banza, su zauna a duhu, ba azaba ba daɗi. A waƙar Odyssey ta tsohon mawaƙin Girka Homer, jarumi Achilles, wanda ya riga ya mutu, ya gaya wa Odysseus, tauraron waƙar, gara ya yi ƙwadago a gonar talaka da ya mulki matattu duka.

Azaba ta 'yan ƙalilan ce, waɗanda suka taɓa alloli. Tantalus yana tsaye cikin ruwa, ya sunkuya zai sha ruwan ya janye, ya miƙa hannu ga 'ya'yan itace iska ta ɗauke reshen. Sisyphus, wanda ya yaudari mutuwa, yana tura dutse kan tudu, dutsen na gangarowa. Tityus kuwa ungulaye ke cin hantarsa.

Ko Elysium, wurin ni'ima, ba ladan kirki ba ne ga Homer. An yi wa sarki Menelaus alkawarinsa ne don surukin Zeus ne, wato dai hanya ce. Batun yi wa kowane rai hisabi sai daga baya ya yi ƙarfi, a rubuce-rubucen irin su masanin falsafa Plato.