Matsattsaku a cikin gora: inda masu fatsa na Minesota suka sha gabanmu

A Yawuri, inda na tashi, ba wanda zai fitar da ko sisi don sayen matsattsaku. Abu ne da mai shiga fadama yake kaffa-kaffa da shi, in ya maƙale a ƙwauri a nemo gishiri ko toka a barbaɗa masa ya faɗi. A nan arewacin jihar Minesota ta Amurka kuwa, shago guda ake buɗewa saboda shi da tana da 'yan ƙananan kifaye, ana sayar da shi a matsayin koton fatsa, dozin-dozin ko a kan sikeli.

Ba irin mai shan jinin nan ba ne. Wannan ƙananan ƙwarin ruwa da mushe yake ci. Masu kama shi sukan dasa tarko da yamma a ƙananan tafkunan da babu kifi, su sa hanta ko kan kifi a ciki, su kwashe da asuba. Kifin da mutanen jihar suka fi ji da shi, wanda suke kira walleye, yana son wannan koto ƙwarai, musamman da ruwa ya fara ɗumi. In sanyin ruwa ya yi ƙasa da digiri 10, sai matsattsakun ya dunƙule a jikin ƙugiya, ya ƙi motsi.

Sai ka shiga dajin Boundary Waters za ka gane dalilin da ya sa matafiya suke zaɓarsa. Daji ne na fiye da eka miliyan ɗaya a kan iyakar Kanada, da tafkuna sama da dubu, kuma dokar 1978 ta hana jirgi mai inji a mafi yawansu. Tuƙi ake yi da hannu. In tafki ya ƙare, ka saɓa kwalekwale a kafaɗa, ka bi turba cikin duwatsu da saiwoyi har tafki na gaba, wani lokaci sau da yawa a yini guda. Ƙananan kifaye suna bukatar bokitin ruwa mai nauyi, kuma nan da nan suke mutuwa. Tana ba ta jure zafi. Shi kuwa matsattsaku zai yi mako guda ba ci, muddin ruwansa na da sanyi da tsabta.

An hana shiga dajin da gwangwani ko kwalbar gilashi, don haka gorar roba mai faɗin baki ake amfani da ita. Ba a cika ta da ruwa har wuya, ba a kuma cusa su da yawa. A naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma, a tura ta ƙarƙashin kaya a gindin kwalekwale, inda sanyin tafki yake ratsowa kuma rana ba ta kaiwa. Gora ɗaya da aka manta a kan dutse da tsakar rana, ta gama. In an yada zango, sai a juye su cikin mazubi mai ƙananan huji, a ɗaura igiya, a nitsa shi a wurin da ke da inuwa. Wasu suna amfani da jakar raga, amma ni na fi amincewa da mazubi mai tauri, domin kunkurun ruwa yana yaga jaka cikin dare ya cinye komai. Kullum ana sauya ruwa, kuma a hankali, don sauyin sanyi ko zafi farat ɗaya yana kashe su, haka ma ruwan famfo mai sinadarin kulorin. Da ka ga ruwan ya yi dishi-dishi, ya fara yauƙi da ɗan wari, to akwai wanda ya mutu. A tsame shi nan take, in ba haka ba zai ja sauran.

Duk wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mai sayar da tarwada ya san yadda zai riƙe ta da rai a baho da ɗan ruwa kaɗan, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu. Masuntanmu ma ba sa bukatar yawo da koto na mako guda: a tono tana a bakin gaɓa, a sa dusa a gurar Mali, ko a shimfiɗa mamari. Ta wannan fuska ba su fi mu komai ba.

Inda suka sha gabanmu shi ne abin da ake yi da ragowa. Dokar Minesota ta hana zubar da koton da ya rage a cikin tafki, sai dai a kai shi kwandon shara. In za ka bar tafki, dole ka tsiyaye ruwansa daga mazubinka. Dalili kuwa, a shekarun 1980 jiragen dakon kaya sun shigo da wasu mitsi-mitsin halittu daga Turai cikin Manyan Tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada, daga nan suka yi ta bazuwa a jikin kayan masu kamun kifi, suna cinye abincin 'ya'yan kifi. Ko tana ba 'yar asalin dazuzzukan nan ba ce, kuma masu zubar da ragowar koto suna cikin waɗanda suka yaɗa ta, ga shi tana cinye busassun ganyen da tsirrai suke tsirowa a ciki. Shi ya sa mai hankali in zai sauya ruwan gora yakan zubar da tsohon a tudu, nesa da gaɓa. A ɗaya gefen iyaka, gandun Quetico na lardin Ontariyo a Kanada ya hana koto mai rai gaba ɗaya tun 2008.

Na san za a ce su nishaɗi suke yi, mu kuwa abinci muke nema. Gaskiya ne, kuma shi ya sa abin ya fi damuna. Wanda ruwa ne gonarsa ya fi kowa hujjar tsare shi, amma a gida ne ake zuba gamalin a rafi, ake jan gidan sauro a kwashe har 'ya'yan kifi. Yanzu ga kiwon kifi ya bunƙasa, ana dakon 'ya'yan tarwada a jarkoki daga wannan jiha zuwa waccan, ruwan jarkar da na kududdufin kuma a sake shi ya bi kwata har kogi, da duk cutar da ke cikinsa. Mutanen Hadeja da Nguru sun ga yadda ciyawar kachala ta toshe musu hanyoyin ruwa, sun san wahalar korar abin da ya riga ya kafu.

Kuma tsare ruwa ba sabon abu ba ne gare mu. A Argungu ana hana kamun kifi a kogin Matan Fada har sai lokacin biki, jama'a kuma suna bin umarnin Sarkin Ruwa. Sarakunan ruwa da ƙungiyoyin masunta na yankin Kainji za su iya farawa da masu dakon 'ya'yan kifi: a ware musu rami a tudu inda za su riƙa juye ruwan jarka, a hana su wanke ta a mashigi.