Idan Dattijo Ya Tsaya Domin Ya Amsa Maka

Assalamu alaikum, 'yan'uwa.

Duk wanda ya taɓa raka mahaifinsa masallacin Juma'a a nan Katsina, suka bi ta Ƙofar Soro cikin cunkoson jama'a da babura, ya san wannan hali: ana cikin tafiya sai wani ya tare shi da gaisuwa, ko kai ka tambaye shi lissafin kuɗin taki, sai ka ga ya rage sauri, wani lokaci ma ya ja ya tsaya cak kafin ya amsa. Da yawanmu mukan ƙosa, har mu ce, "Baba, a ɗaga ƙafa, za a tayar da salla." Wannan ƙosawar ce nake ji mana tsoro.

Tafiya ba aikin ƙafa kaɗai ba ce. Ƙwaƙwalwa ce take tattara abin da ido ya gani, da abin da tafin ƙafa ya ji, da saƙon daidaiton jiki da ke fitowa daga cikin kunne, sannan ta tsara taku. Matashi yana yin haka bai ma sani ba, amma idan shekaru suka ja, gani ya ragu, ƙarfin cinya ya tafi, tafiyar kanta takan buƙaci hankalin mutum, ta yadda idan aka ɗora masa wani tunani a kai, dole ɗayan biyun ya yi rauni. A shekarar 1997 masu bincike a garin Umeya na ƙasar Suwidin sun lura da tsofaffi 58, suka ga 12 suna tsayawa idan an yi musu magana ana tafiya, kuma 10 daga cikin waɗannan 12 sun faɗi ƙasa kafin wata shida. Mu kuwa mun san abin da karayar ƙugu take yi wa tsoho.

Allah Maɗaukaki ya riga ya faɗa mana a Suratur Rum, aya ta 54, cewa ya halicce mu daga rauni, ya sanya ƙarfi bayan raunin, sannan ya sanya rauni da furfura bayan ƙarfin. A Suratul Isra'i kuma ya hana mu ce wa iyaye ko da "uf" idan tsufa ya riske su a wurinmu, kuma ina ganin jan tsaki saboda nawar tafiyarsu yana cikin wannan hani. Hujjar gudun rasa raka'a ma ba ta tsaya ba, domin Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da mu zo salla da natsuwa, abin da muka riska mu sallata, abin da ya kuɓuce mana mu cika.

Saboda haka, ɗan'uwa, idan za ka gaida dattijo a hanya, bari ya gama tsallake kwata ko titi tukuna. Maganar gado, bashi ko kuɗin magani a ajiye ta sai ya zauna a kan tabarma. Idan ka lura tsayawar tana yawaita, ko yana tuntuɓe a inda ya saba bi, a kai shi asibiti a duba idonsa da jininsa da magungunan da yake sha. Ranar Juma'a kuma ku fito da wuri, ka bi ta gefen da babura suke wucewa domin ka kare shi.