Burushin batir mai arha: a gyara hanyar wutarsa kafin a ƙara masa ƙarfi

A nan Ingila, da zarar burushin haƙori mai batir ya fara sanyin jiki, sai kwandon shara, a sayo wani. A Kaduna kuwa wajen mai gyaran rediyo za a kai shi, ko a shiga Panteka a ce a ƙara masa wuta. Na fi yarda da ɗabi'ar gida, amma wannan ƙara wutar ita ce ke kashe shi, domin sau da yawa gudun nasa na nan, abin da ya tare shi ne ba a duba ba.

Cikinsa ba wani abu mai yawa: ɗan inji, makunni, da batir AA ɗaya ko biyu. Burushin iri biyu ne: mai karkarwa yana da ƙarfen da aka ɗaura a karkace a kan sandar injin, mai juya kai kuma yana da ɗan ƙugiya da ke kai shi dama da hagu. Gudun injin yana bin yawan bolt ɗin da ya isa gare shi, ba wanda aka rubuta a jikin batir ba.

Nan ne babban bambancin. Batirin da ya cika shagunan Ingila alkalin ne. Wanda aka fi miƙa maka a teburin mai shago a Tudun Wada ko Kasuwar Barci kuwa irin na tocila ne, mai sandar gawayi a ciki. Dukkansu bolt 1.5 aka rubuta, sai dai mai gawayi yana faɗuwa ƙasa da zarar inji ya ja wuta sosai. Ku auna da mitar bolt lokacin da injin ke juyawa, ba a hannu kawai ba, don batirin da ya gaji ma yakan nuna 1.4 in ba abin da ke jansa. In ya sauka ƙasa da 1.1 yana aiki, laifin batir ne. Ku sa alkalin na gaske, ko mai caji na NiMH. Shi 1.2 ne, amma yana riƙe ta kusan har ya ƙare. Akwai kuma AA na litiyam da ake caja da wayar USB, wanda ke ba da 1.5 cif har lokacin da zai ɗauke gaba ɗaya.

Sai tsatsa. Laimar damina da ruwan banɗaki suna cin sifirin da ke matse batir, batirin da ya zuba kuma yana barin farin gari. Ku goge garin da auduga da ɗan ruwan lemun tsami, a bar shi ya bushe, a kankare ƙarfen da samfefa mai laushi, a ɗan ja sifirin ya matse batir. Ku cire kan burushin ku jiƙa shi minti goma a ruwan ɗumi, domin man goge baki yana daskarewa a gindin sanda ya riƙe ta. Ɗigon giris na silikon ɗaya a zoben roba ya isa. Kada a sa basilin ko baƙin mai, suna lalata wasu robobin, kuma abu ne da ke shiga baki.

In an yi duk wannan ana son ƙari, sai a zo ga batirin litiyam mai caji da ake kira 14500. Girmansa ɗaya da AA, amma 3.7 ne, in ya cika caji 4.2. Wanda ya sa shi a burushi mai batir ɗaya ya ninka wutar fiye da sau biyu da rabi. Zai yi ihu na ɗan lokaci, siraran ƙarafan da ke gogar cikin injin su ƙone, ko ƙugiyar robar ta cinye. A mai karkarwa abin ya fi muni, don in gudu ya ninka biyu, ƙarfin girgizar sau huɗu yake ninkawa.

Mai batir biyu kaɗai ne zai iya ɗauka, shi ma da dabara: 14500 guda ɗaya a rami ɗaya, a ɗaya ramin kuma a sa ƙusa mai tsawon santimita 5 da aka naɗe jikinta da tef, ta zama gada. Kada a taɓa sa biyu, wannan 8.4 ke nan a kan injin bolt 3. A saka dayod 1N4007, wato ɗan kayan lantarki da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, a layin da dalma, yana rage wajen 0.7 zuwa 0.9, sai injin ya samu kusan 3.4 a cikakken caji. Ku nemi batir mai kariya a ciki, a cire shi a caja a cajarsa, kuma in murfin ba ya rufuwa ruf ko zoben robar ya tsage, a haƙura, litiyam da ruwa ba sa shiri. A kunna minti biyu a taɓa jikinsa. In ya yi zafi, wutar ta yi yawa. Wanda ke son hujja ya sa manhajar auna yawan kaɗawar sauti a sakan (Hz) a waya kusa da mai karkarwa, ya ninka adadin da ta nuna sau 60, shi ne juyi a minti.

Kada dai a yi zaton za a kamo burushin lantarki na Sonicare mai bugu 31,000 a minti, ginin injinsa daban ne. Kuma gudu ba shi ne tsabta ba. Binciken da Cochrane, ƙungiyar tantance binciken lafiya, ta yi a 2014 ya nuna burushin lantarki ya fi na hannu rage dattin haƙori da kashi 21 cikin ɗari bayan wata uku, amma ba a kan wanda aka yi wa ƙarin wuta aka gwada ba. Minti biyu safe da dare, ba dannawa a kan dasashi, da sauya kai duk wata uku, sun fi kowane dayod amfani. Kan ma shi ne matsalar: a Ingila kowane babban kanti yana sayar da shi daban, don haka kafin ku biya kuɗin burushi a Kasuwar Sheikh Gumi, ku tambayi mai shago ko yana da kawunansa na canji.