Ƙwayar kitsen jini ba layar ciwon daji ba ce

Sau uku saƙon muryar nan ya faɗo mini a WhatsApp cikin mako guda: wai likitoci sun gano maganin kitsen jini yana hana ciwon dajin maƙoshi, wato bututun da abinci ke bi zuwa ciki, kowa ya nema ya sha. Ranar Juma'a a Shara Mansur, nan Makka, na ga inda zancen ya kai. Wani dattijo ɗan garinmu ya zaro katin maganin kitsen jini, Lipitor, na maiɗakinsa daga aljihun jallabiya, ya ɓalli ɗaya, ya kora da shayin da ke tururi. Na ce, "Baba, likita ne ya rubuta maka?" Ya ce, "Ɗana, ai rigakafi ya fi magani."

Raina ya ɓaci, don masu yaɗa saƙon sun tsinci guntuwar gaskiya ne suka ɗinka mata babbar riga. Gaskiya ne a 2013 wasu masu bincike sun tattara nazarce-nazarce, suka ga masu shan magungunan kitsen jinin nan da ake kira sitatin ba sa kamuwa da wannan ciwo kamar waɗanda ba sa sha, bambancin ya kai kashi 28 cikin 100. To amma bin sawun mutane aka yi kawai. Mai shan ƙwaya kullum yawanci shi ne mai zuwa asibiti, mai jin maganar likita, wataƙila ma ya daɗe da barin taba. Ta yaya za a ce ƙwayar ce ta kare shi?

Kuma ciwon iri biyu ne. Ɗaya yana biyo bayan ƙwannafi na shekaru da ƙiba, a nan aka fi ganin alamar amfanin maganin. Ɗayan, wanda ya fi yawa a Afirka da Asiya, abokan tafiyarsa taba, giya da abin sha mai ƙuna. Tun 2016 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke Faransa, ta ce shan abin da zafinsa ya haura digiri 65 na iya jawo shi. Mu kuwa daga buta sai baki, har ana yi wa mai fifita shayi dariya, ga shisha, ga shamma, wato garin taba, a leɓe. Wannan ba a turo shi a WhatsApp.

Masu cewa "ai ko bai yi amfani ba, ba ya cutarwa" su tambayi waɗanda ya sa wa ciwon jiki. Magani ne na kare zuciya da jijiyoyin jini, wanda likita ya rubuta wa ya ci gaba da sha. Masu saidaliyya, wato shagunan magani, su daina miƙa shi babu takarda, malamai kuma su taɓo zancen a majalisi.

Kafin mu rabu Baba ya ce mini wata biyu ke nan loma na tsaya masa a ƙirji, har ya koma kunu, wandonsa ma ya yi masa yawa. Mai irin wannan alama kyamarar da ake zurawa ta baki yake bukata, cikin gaggawa. Na roƙi babban ɗansa ya kai shi asibiti gobe da safe.