Kafin ka sayi manhajar tsara hanya, ka fara auna mintocin sauke kaya

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, duk mai motar rabon kaya a Kano ya koma lissafi. Masu burodi, masu ruwan leda, dilolin kasuwar Singa da ke kai taliya da sukari shago-shago, kowa kukansa ɗaya: mai ya cinye riba. Maganin da aka fi gudu gare shi kuwa shi ne a maƙala wa mota na'urar bin diddigi, a sa wa direba ido. Ba laifi, tana kama mai lodin fasinja a ɓoye. Amma a ganina yawancin man tun da safe ake ƙona shi, a kan takardar da magatakardan sito ya jera shagunan da za a bi, kafin ma a tayar da mota.

Jera shagunan nan ba ƙaramin aiki ba ne, ko da yake kallon wasa ake yi masa. Shago 10 kacal, hanyoyin da za a iya jera su sun kai 3,628,800. In suka zama 15, lissafin ya haura tiriliyan ɗaya. Ba direban da zai gwada su duka a kansa, ita ma kwamfuta ba gwada su ɗaya bayan ɗaya take yi ba, dabara take bi. Kuma dabarar tsohuwa ce. A 1959 George Dantzig da John Ramser suka rubuta matsalar a lissafe, a kan tankokin da ke kai fetur gidajen mai daga ma'ajiya ɗaya. A 1964 wasu mutum biyu a Manchester ta Ingila, Clarke da Wright, suka fito da hanyar da har yau ake fara koyar da ɗalibai da ita, wadda biro da takarda ma sun isa a yi ta.

Ga yadda take. Ka fara ƙaddara cewa kowane shago za a kai masa kaya shi kaɗai, a je a dawo sito. Sai ka tambayi kanka, in na haɗa shaguna biyu a fita ɗaya, kilomita nawa na rage? Amsar ita ce nisan sito zuwa na farko, a tara da nisan sito zuwa na biyu, a debe nisan da ke tsakaninsu.

Mu ɗauki misali da alƙaluman da na ƙirƙira don bayani. Shago A yana kilomita 10 daga sito, B 12, C 8, D 9. In kowanne za a yi masa sawu guda, tafiyar ranar kilomita 78 ce. Tsakanin A da B kilomita 3 ne, to haɗa su zai rage 10 da 12 a debe 3, wato 19. Tsakanin C da D kilomita 4 ne, ragin 13. Sauran haɗe-haɗen, kamar A da C, ragin bai wuce kilomita 3 ba don ɓangarensu daban. Sai ka jera ragin daga babba zuwa ƙarami, ka fara da 19. Kafin ka haɗa sai ka duba cikin mota: tana ɗaukar katan 100, A na son 40, B na son 50, sun shiga. C 30, D 45, su ma sun shiga. Haɗa huɗun gaba ɗaya zai zama katan 165, mota ba za ta ɗauka ba, nan za ka tsaya. Sawu biyu ke nan, ɗaya kilomita 25, ɗaya 21, jimilla 46 maimakon 78. Yanzu da mai shagon B zai bugo waya ya ce a mayar masa da odarsa katan 70, ragin nan na 19 ya tashi, tsarin ranar gaba ɗaya sai an sake shi. Shi ya sa jerin da aka rubuta tun bara ake ta maimaitawa ba ya biyan buƙata.

Wannan hanya ba ta ba da tsari mafi kyau ɗungurungum, kusa da shi take kaiwa. Wanda shagunansa suka wuce 30 ko 40 sai ya koma kwamfuta, kuma a nan ma kuɗi ba hujja ba ne: Google na da manhajar OR-Tools mai yin irin wannan lissafi kyauta, taswirar OpenStreetMap kyauta ce, duk ɗalibin kimiyyar kwamfuta da ya iya Python, yaren rubuta manhaja, zai haɗa su cikin 'yan kwanaki. Ɓangaren lissafin an gama da shi tuntuni. Inda ake faɗuwa shi ne abin da ake zuba wa lissafin.

Babban ramin shi ne lokacin tsayawa a ƙofar shago. Mai tsara manhaja yana zaune a ofis zai rubuta minti 5 ga kowane shago. A zahiri mota ta tsaya, yaron mota ya sauke, mai shago ya ƙirga katan ɗaya bayan ɗaya, ya tarar da guda ya jiƙe ya ce a canza, sannan ya ce zai yi tiransifa, a tsaya jiran alat, sabis kuma ya ɗauke. Wani kuwa an iske ya tafi masallaci, yaronsa ya ce shi ba ya karɓar kaya. Minti 15 ya tafi. A shago 20, minti 5 kowanne awa ɗaya da minti 40 ne, minti 15 kuwa awa biyar cur. Bambancin awa uku da minti 20 ne, kuma shi ne dalilin da tsarin da ya nuna a kwamfuta za a tashi ƙarfe uku sai ga mota bayan magariba da sauran kaya a ciki. Daga nan sai a ce manhajar ba ta aiki a Najeriya. Aiki ta yi da ƙaryar da aka ba ta.

Gyaran ba tsada. A ba kowane yaron mota littafi na mako biyu, ya riƙa rubuta abu uku a kowane shago: ƙarfe nawa aka isa, ƙarfe nawa aka tashi, katan nawa aka sauke. In akwai na'urar bin diddigi ma ta riga ta ajiye wannan bayanin, ba a dai karantawa ne. Kada a ɗauki matsakaici guda a shafa wa kowa. Mai kanti babba da ke biya ƙarshen mako yana iya sallamar mota cikin minti 6, mai ɗan tebur da ke haɗo kuɗi daga maƙwabta ya riƙe ta rabin awa. Kowane shago da nasa minti.

Sai nisa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a auna miƙaƙƙen layi tsakanin wuri biyu a taswira. Shaguna biyu na iya fuskantar juna a titin Zariya, amma shingen kankare na tsakiya ya sa sai an yi tafiya mai nisa kafin a sami wurin juyawa. Layin dogo, kududdufi, lungun da mota ba ta shiga sai a kura, duk miƙaƙƙen layi bai san da su ba. Kuma zuwa da dawowa ba lallai su zama daidai ba, don haka shago 30 da sito ɗaya na buƙatar awo 930, kowane wuri zuwa kowane wuri. Manhajar taswira za ta fitar da su, sai dai a sa tsohon direba ya duba waɗanda ke cikin tsohon gari. Adireshi irin "bayan gidan mai, kusa da mai shayi" ba ya shiga lissafi, dole wani ya tsaya a ƙofar shagon ya ɗauki lambobi biyu da ke nuna wurin a taswira da waya. A kula da jerin lambobin nan biyu. Kano tana wajen digiri 12 arewa, 8.5 gabas, in aka juya su wajen shigarwa, shagon da ke Kurna zai bayyana can wajen Ganye a jihar Adamawa, manhaja kuma ba za ta yi gardama ba.

Cikin mota ma iyaka biyu gare shi, nauyi da fili. Buhunan sukari masu kilo 50 za su kwantar da sifirin mota alhali rabinta fayau, katan ɗin biskit kuwa za su cika ta har rufi ba ta ji komai ba. Wanda ya rubuta "katan 100" kawai ya manta da ɗaya.

Akwai kuma ƙa'idojin lokaci da kowa ya sani amma ba wanda ya rubuta. Burodin mai shayi in ya wuce hantsi ya zama na gobe. Ranar Juma'a daga azahar titunan da ke gaban manyan masallatai a rufe suke. Mai kai kaya ƙauyuka ya san Wudil ranar Juma'a take ci, Ɗambatta Lahadi, Maigatari Alhamis, kuma ranar kasuwa ratsa garin kaɗai aiki ne. Duk wannan sai an shigar da shi a matsayin "daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza". Amma in aka matse kowane shago da ɗan ƙanƙanin lokaci, OR-Tools sai ta dawo hannu rabbana, ba tsari ko ɗaya, ba kuma bayanin dalili. Maganinsa a ba ta izinin tsallake shago tare da ɗora tara mai nauyi a lissafi, yadda za ta nuna maka wane shago ne ya gagara. Wani ƙaramin abu da ke wahalar da sababbin shiga: cikakkun lambobi take aiki da su, don haka a ba ta nisa da mita, a rubuta 2,400 maimakon kilomita 2.4.

Abin da ya fi duk waɗannan, kuma ba aikin mai kwamfuta ba ne, aikin maigida ne: me ake so a rage? In ka ce kilomita kaɗai, manhaja tana iya ɗora wa direba ɗaya awa 11 ta ba wani awa 3, don a lissafe hakan ya fi arha. Kwana uku za a yi direbobi su watsar da takardar su koma yadda suka saba, kuma da gaskiyarsu. In ka ce a rage yawan motoci, za ta cika su maƙil ba sararin ko faci ɗaya. Ni abin da nake ba da shawara shi ne a mayar da komai naira: kuɗin mai a kowace kilomita, kuɗin fito da mota guda a rana, kuɗin awar da ta wuce lokacin tashi, sannan a sa iyakar awoyin kowane direba. Kamfanin UPS na Amurka, da ya gina tsarinsa mai suna ORION, ya ce yana rage masa tafiyar mil miliyan 100 a shekara. An san motocinsa da guje wa kwanar hagu, don a ƙasar da ake tuƙi ta hannun dama, kamar tamu tun 1972, kwanar hagu tsayawa ce a jira a ratsa motocin da ke tahowa. Hanyar kan ɗan ƙara tsawo, amma lokaci da haɗari sun ragu. Sun zauna sun yanke abin da suke so a rage, kilomita ba ita kaɗai ba ce.

Ranar da za a fara gwaji kada a juya duka motoci lokaci guda. A ɗauki mota biyu, a bar sauran a kan tsohon tsari, a cika tanki da safe a sake cikawa da yamma a rubuta lita, tsawon mako biyu. Kowace safiya a nuna wa direban takardar kafin lodi, in ya ce lungu kaza an haƙa kwalbati ko mai shago kaza ba ya buɗewa sai ƙarfe goma, a gyara a cikin bayanan nan take, a sake fitar da jerin. Lodin ma a bi jerin a juye, kayan shagon ƙarshe su fara shiga can ƙurya, na shagon farko su kasance a bakin ƙofa.